Jinin Jarirai a Jikin Magaji

Duk bakin tabkin nan, daga Warra har Yelwa, wanda bai san masuncin nan Magaji Basarke ba to bai taɓa shiga jirgi ba ne. Tsoho ne dogo, busasshe kamar gorar tuƙi, ya haura saba'in amma har gobe shi ke jefa birginsa, ragar kamun kifi, da hannunsa. Yana saurayi aka datse kogin Kwara ya zama tabki, ruwa ya haɗiye garinsu na asali, shi ya tuƙo iyalin ubansa ya kawo su tudu suka kafa tunga, ɗan ƙauyen masunta. Jirgi ya taɓa kifewa da shi a tsakiyar damina, ana ta tsamo gawawwaki, shi kuwa ya fito da ƙafarsa yana tambayar wa ya ga hularsa. Mazan da ke nan, ba irin na yanzu da iska kaɗan ke sa su neman bargo ba.

Amma duk wannan ba shi ne babban abin tinƙahonsa ba. Babban abin shi ne ciwon gidansu, ciwon ƙashin nan da yanzu ake kira sikila. A ɗakin uwarsa ciwon ya yi ɓarna. Za a haifi yaro ɓulɓul, a yi suna, a yi ta murna, sai ya fara koyon zama hannu da ƙafa su kumbura, ya yi ta tsala kuka, kafin ya iya iyo an kai shi makwanci. Magaji ne ya tsallake. Ciwon yakan ɗan taɓa shi a gwiwa idan damina ta yi tsakiya, ya yi tsaki ya fita kamun kifinsa. Idan ka tambaye shi sirrin, ba ya ɓoyewa, ko ba ka tambaya ba ma zai faɗa maka.

"Ruwa na," in ji shi. "Ubana kullum da sassafe shina ɗaukata shi tsoma ni cikin Kwara har sai na ɗauke numfashi. Sanyi shi ka korar sanyi. Dube ni, wane likita ya taɓa ganin cinyata?"

Ɗa namiji guda Allah ya bar masa, Jamilu, mai tuƙa jirgin inji. Jamilu ya je Yelwa ya gano Shamsiyya, 'yar wani mai sayar da atamfa, yarinya mai ilimin boko da idon da ba ya saurin sunkuyawa. Da iyayenta suka ce a je a gwada jini kafin a ɗaura aure, Magaji ya tashi tsaye a zauren mutane ya ce jinin gidansa ba na zubawa a kwalba ba ne, wanda ke son gwaji ya zo ya gwada kokawa da Jamilu. Aka yi dariya, aka dubi ƙirjin yaron, aka bar maganar.

Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, don haka a Yelwa Shamsiyya ta sauka. Bayan ta gama wanka aka dawo da ita tunga da yaro namiji, Anas, jajir, mai nauyi kamar ɗan giwan ruwa. Magaji ya kusa zaucewa. Ya ɗora shi a kafaɗa ya zaga da shi gida gida.

"Ku fito ku ga wanda ya zo ƙwace mini mata! Kai, abokina, da wanga ƙaton kai za ka raba ni da Delu?"

Delu, matarsa, ta ce, "Ai ya riga ya raba ku, Malam. Shi ko warin kifi ba ya yi."

Haka aka yi ta tafiya, yaro ko mura bai yi ba. Sai da ya kai wata shida, damina ta sauka, wata safiya ya tashi da kuka. Shamsiyya ta buɗe zane ta ga yatsunsa sun yi suntum, bayan hannun ya tasa, ƙafafun ma haka, ko taɓawa aka yi sai ya ƙwalla ƙara. Magaji ya leƙo ya gani. Ya san abin, ya sha ganinsa. Bai tsorata ba, fushi ya yi.

"Wata shida yaro lahiya lau," ya ce daga bakin ƙofa, yana magana da Delu amma don surukarsa ta ji. "Da da ciwo anka haihe shi, ai da mun gani tun ran suna. Lalata shi anka yi. Safa, hula, rigar sanyi, ruwan ɗumi, hoda. Ɗan Basarke anka mayar kamar ƙwai. A ba ni shi in kai shi ruwa."

Shamsiyya ba ta saba amsa masa kai tsaye ba, surukuta ce. Ta ce da Delu, "Inna, ki ce wa Baba asibiti za mu."

"Asibiti!" Magaji ya yi dariyar raini. "Asibitin ta raya ni?"

Jamilu yana tsaye yana murza igiyar inji a hannu. Tun da aka haife shi bai taɓa musa wa ubansa ba.

Washegari da sassafe, Shamsiyya ta kwantar da yaron a tabarma ta zaga bayan ɗaki ɗebo garwashi. Magaji ya shigo ya sunkuce shi, ya tuɓe masa riga da safar nan da ya tsana, ya gangara bakin ruwa. An kwana ana ruwan sama, tabkin ya yi sanyi ƙarara. Ya shiga har gwiwa, ya yi bisimilla, ya tsoma jikansa har wuya, ya ɗago, ya sake tsomawa. Yaron ya sandare, kukan ma ya sarƙe masa.

Bai ji zuwanta ba. Sai ganin mutum ya yi ta faɗo ruwa da zaninta, ba ko ɗankwali, ta fizge yaron daga hannunsa har ya yi tangaɗi.

"Kashe mini shi za ka yi?" Ta dube shi ido cikin ido, a gaban mata masu wanke-wanke. "Tsohon banza mai taurin kai! Wallahi in ya mutu kai ka kashe shi!"

Shekara saba'in da ɗoriya, dorina ma ba ta taɓa ce wa Magaji haka ba.

"Ke, ni kika zaga? Cikin ruwan ubana?"

Ba ta tsaya ba. Kafin hantsi jikin yaron ya yi zafi rau, leɓensa ya yi fari, numfashinsa na fita da ƙyar. Ta goya shi ta nufi jirgin mijinta ta zauna a ciki, ta ce ko ya tayar da inji ko ta nemi wani jirgin. Jamilu ya waiga wajen ubansa, ya waiga wajen ɗansa, ya ja igiya.

Magaji ya kwana yana huci. Da gari ya waye ya saka babbar rigarsa ya bi su Yelwa, ya ce zai je ya ɗauko jikansa kafin a gama huda shi da allurai.

Ya tarar da Anas a gadon asibiti, an ɗaura masa robar ƙarin jini, an lulluɓe shi. Shamsiyya na zaune a gefe, ta ga shigowarsa ta kau da kai, ko gaisuwa. Likitar wata mace ce, Murjanatu, gajera mai tabarau, ba ta fi sa'ar Jamilu ba.

"Baba, kai ne kakan? Kai ka sa shi a ruwa?"

"Ni na. Kuma gobe ma in sa shi. Cire mai wanga abu mu tahi."

"Ba inda zai je. Zauna ka ji."

"Ba ni zama. Hwaɗi ina tsaye."

Ta faɗa masa yana tsaye. Ta ce yaron sikila gare shi, ya gado daga uwa da uba, tun yana ciki. Magaji ya katse ta.

"Ƙarya ta fara. Wata shida ina ɗaukar shi, ko atishawa bai yi ba. Ina ciwon ya ɓoye, cikin aljihunki?"

"Cikin ɓargonsa," in ji ta. "A ɓargo ake yin jini. Yaro yana ciki, irin jinin da jikinsa ke yi daban ne, na jarirai, kuma wannan ciwon ba ya kama shi. In an haife shi sai jiki ya fara rage yin wancan a hankali, yana kama yin na manya. To na manyan ne nasa yake da matsala, shi ne ƙwayoyinsa ke lanƙwashewa kamar lauje su toshe hanya. Wajen wata shida na jariran ya ja baya, shi ya sa sai yanzu kuka gani. Ba safa ba ce, ba nonon uwarsa ba ne. Sanyi kuwa tsuke hanyoyin jinin yake yi. Abin da ka yi jiya saura kaɗan ya tafi da shi."

"To ni hwa?" Ya bugi ƙirji. "Gidanmu ciwon ya ƙare ɗiyan uwata. Ni anka tsoma, ga ni. Kin girme ni da karatu, na girme ki da kwana. Yi mini bayanin kaina in kin isa."

Ta cire tabarau ta dube shi sosai, ta dubi idonsa.

"Su 'yan'uwan naka, ba a tsoma su ba?"

Ya kau da ido.

"An tsoma su. Raggwaye na, ba su jure ba."

Shamsiyya ta yi wani sauti a maƙogwaro. Likita ta mayar da tabaraunta ta ce, "Baba, za ka bari in ɗebi jininka? Ko tsoron allura kake?"

Da ta roƙe shi ne da ya ƙi. Amma tsoro? Ya naɗe hannun riga ya miƙa mata damtse kamar icen ƙirya.

"Ɗebi. Cika kwalbar. Ki kai ma manyanku su ga jinin maza."

Aka ce sai an aika da jinin babban asibiti, zai ɗauki kwanaki. Uban Shamsiyya ya aiko a ce masa ga ɗaki an share. Magaji ya ce a gaya masa bai iya kwana cikin warin atamfa ba. Ya tafi kasuwar kifi ya sauka wajen dillalan da ya saba kai wa banda, yana kwana a rumfa, da rana yana ba su labarin yadda ya tsaya a kan wata likita har ta rasa ta cewa. Kullum yakan je ya leƙa ta taga. Kumburin yana saɓewa, yaron ya fara kama nono. Magaji ya ce ai ruwan da ya tsoma shi ne ya fara aiki.

Ran da sakamako ya dawo likita ta tara su, shi da Jamilu da Shamsiyya da yaron a cinyarta.

"Baba, na daɗe ina aikin nan ban ga irinka ba."

"Ba ki ƙara gani kuma."

"Kana da jinin sikila, wannan gaskiya ne. Amma jikinka bai taɓa daina yin jinin jarirai ba. Na kowa yana ja baya bayan haihuwa, naka ya ƙi. Har yau ɓargonka yana yin sa da yawa, shi yake hana ƙwayoyin lanƙwashewa. Halitta ce, da ita aka haife ka. Ana samun irin haka jefi-jefi."

Magaji ya ɗaure fuska. "Jinin jarirai? Ni? Ke yarinya, dubi gemuna."

"Shi ya kawo ka har ka yi gemun."

Ya juya maganar a ransa ya ga ashe ba zagi ba ce. Na kowa ya gaji ya tsaya, nasa ya ƙi. Ai haka ne, ai shi ne Magaji. Ya dubi Jamilu yana murmushi. Sai kuma wani tunani ya zo masa, ya sake naɗe hannun riga.

"To magana ta ƙare. Ɗebi nawa ki zuba mai. Kwashe duka in kina so, ni na ci zamanina."

"Ba ya yiwuwa, Baba. Naka ma akwai sikilar a ciki, ga shekaru. Kuma ko an zuba, jinin aro ƙarewa yake yi, ɓargonsa ne zai ci gaba da yin nasa. Abin da ya tsare ka bai gado shi ba. Jamilu ɓangaren ciwon ya ɗauko daga wajenka, shi ya miƙa wa ɗansa."

Wannan ta shige shi fiye da zagin bakin ruwa. Ya sauke hannun rigar a hankali.

Likita ta ci gaba. Ta ce akwai magani da ke zaburar da ɓargo ya riƙa yin jinin jariran ko yaya, za a fara ba shi nan gaba kaɗan, a riƙa kawo shi ana dubawa. A tsare shi daga sauro, a ba shi ruwan sha sosai, a rufa masa jiki. Ruwan tabki kuwa, ko da wasa.

"Na ji," in ji Magaji. "A ba shi maganin, ban hana ba. A haɗa da nawa. Ɗauko shi mu tahi gida."

Sai Shamsiyya ta yi magana. Wannan karon ba ta bi ta kan kowa ba, kuma ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, na zage ka a gaban mutane, ban kyauta ba, ka yafe mini. Amma ba zan koma tunga da yaron nan ba sai ka rantse. Ka dafa Alƙur'ani a gaban babana da liman, ka ce ba za ka ƙara sa shi a ruwa ba, ba kuma za ka sa wani ya sa shi ba."

"Ni za ki ba rantsuwa?"

"Kai."

"A kan jikana?"

"A kan ɗana."

Ya juya ga Jamilu. "Kai, kana ji? Matarka ta ko uwarka? Tashi ka amso mini yaro."

Jamilu bai tashi ba. Kansa a ƙasa ya ce, "Baba, ka rantse mana. Don Allah. Kalma guda ce."

Ba kalma guda ba ce, su ne ba su sani ba. Magaji yana ganin ubansa tsaye cikin Kwara da sassafe, ruwa har ƙugu, yana ɗaga ƙannensa ɗaya bayan ɗaya yana tsomawa, yana addu'a. Mutumin da bai taɓa cin abinci ba sai 'ya'yansa sun ci. In ya dafa littafin Allah ya ce ruwan nan cuta ne, to ya tsaya gaban mai atamfa da liman ya shaida cewa ubansa da hannunsa ya taimaka wa ciwo ya kwashe su. A kan maganar wata yarinya mai tabarau da kwalbar jini.

Ya dubi Anas. Yaron ya rame, amma idonsa ya buɗe, yana wasa da bakin mayafin uwarsa da yatsun da suka koma daidai.

"Ba ni rantsewa," ya ce. "Ubana bai yi kuskure ba."

"To mun zauna Yelwa ke nan," in ji Shamsiyya.

"Ku zauna. Ku mai da shi mai auna yadi. Kai kuma," ya nuna Jamilu da baki, "jirgin nawa na. Ka aje makullin inji wajen Sarkin Jirgi, ka zo surukinka shi ba ka almakashi."

Likita ta buɗe baki za ta sa baki, ya ɗaga mata hannu. Ya miƙe ya gyara rigarsa. Har ya kai ƙofa ya tsaya, ya dawo.

"Ba ni shi in riƙe."

Shamsiyya ta dubi mijinta. Akwai bokitin ruwa a gefen gado, wanda take wanke kayan yaron. Ta sa ƙafa ta tura shi can ƙarƙashin gado, ta tashi ta tsaya tsakaninsa da ƙofa, sannan ta miƙa masa.

Ya ga abin da ta yi, ya haɗiye. Ya karɓi yaron, ya ji yadda ya yi sakayau. Anas ya kai hannu ya damƙi gemunsa ya ja da ƙarfi.

"Kai, ɗan nema! Da sauran ƙarhinka ashe." Ya sa hanci a wuyansa ya shaƙa, ya daɗe a haka. Sannan ya miƙa wa uwar ba tare da ya dube ta ba. "Ja mai hular, kunne nai a waje."

Ya fita. Jamilu ya biyo shi har bakin titi yana kiran Baba, Baba, bai waiga ba. Ya ƙi hawa kabukabu, ya taka da ƙafarsa har bakin ruwa, ya shiga jirgin 'yan kasuwa mai gangarawa wajen tungarsu, ya zauna a kan buhun gishiri. Jirgin bai gama barin gaɓa ba ya dafa gwiwar wani Bakambare da ke kusa da shi.

"Kai, ka san da wa kake zaune? Jinina anka kai babban asibiti, likitoci sunka taru a kai. Sun ce na kowa shina tsayawa, nawa ya ƙi."

Mutumin ya ce, "Ikon Allah. Jikan naka fa, Baba? Na ji an ce shi ka zo ɗauka."

Magaji ya juya ya daka wa mai inji tsawa, ya ce ya kauce wa kututturen da ke gabansa in ba makaho ba ne.